Kwanon da Iska ta Kawo

A unguwarmu, ranar da iska ta yaye rufin makarantar firamare ba ranar baƙin ciki ba ce. Na yi shekaru ina koyarwa a wannan makaranta cikin shekarun casa'in, lokacin Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe baki don rufin ya tafi ba, in ban da ni da hedimasta. Sauran jama'a washegari sai ka gan su da fara'a, suna yi wa juna barka da ruwa, alhali kowa ya san ba ruwan ake yi wa barka ba.

Akwai wata doka a unguwar da ba wanda ya rubuta, amma ko yaron goye ya san ta: abin da iska ta kawo gidanka, naka ne. Tsofaffi sun ce da can a kan tsohuwar zana ake maganar, da faifai, da ɗankwalin da aka manta a igiyar shanya, don kada maƙwabta su riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ban san ranar da kwanon rufi ya shiga cikin dokar ba. Na dai zo na tarar da shi a ciki, ya zauna daram.

Lokacin kuwa kwanon rufi ya fi nama daraja. Ma'aikata sun kwararo daga Yola da iyalansu da katifunsu, kowa na neman ɗakin haya. Duk mai ɗan fili a bayan gida sai ya buga tubalin laka ya tayar da ɗaki. Ginin ba wuya, rufin ne ke gagara. To ga makaranta a tsakiyar unguwa, dogon gini guda mai azuzuwa shida, ga kuma hadarin farkon damina da yake tasowa daga gabas ta bayan duwatsu, iska a gaba, ruwa a baya. In ta ɗaga rufin, yamma take kai shi. Saboda haka gidajen da ke yammacin makaranta su ne masu rabo, har ana ce musu 'yan yamma. Da kunnena na ji wani yana tallar filinsa, yana cewa mai saye ya ƙara wani abu, ai a yammacin makaranta yake.

Kada wani ya ce mini iskar Jalingo ce ta fi ƙarfin rufi. Ofishin hedimasta yana nan gefe guda, tsohon gini ne tun kafin a haife ni, an ɗaure katakon rufinsa da bango da langa-langa, siririn ƙarfen nan mai kama da ɗamara. Iskar da take kwashe mana azuzuwa ita ce take bi ta kansa, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa zarewa ba. Namu rufin kuwa na ga yadda ake buga shi. Kafintan ɗan kwangila yakan hau da ƙusoshi a cikin gwangwanin madara, ya buga nan, ya tsallake can, ya sauko da saura. Langa-langa kam ko a mafarki. Shekarata ta farko, da yake sabuwar zuwa ce ni daga Sunkani, ban san dawan garin ba, na tsaya a ƙasa na ce masa, "Malam, wannan ai ba zai ga damina biyu ba." Ya leƙo ya dube ni kamar na faɗi abin dariya. Ya ce, "Malama, wa ya ce miki ana so ya gani?"

Ɗan kwangilar surukin kansilanmu ne. Kansilan kuma irin mutanen nan ne da ba sa faɗuwa ƙasa. In an yi zaɓe shi ne kansila, in soja sun rushe majalisa shi ne ɗan kwamitin riƙo, in an dawo zaɓe ga shi nan da sabuwar hula. Kowace shekara rufi ya tafi, kowace shekara a fitar da kwangilar sabo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tawagar da ake haɗawa. Iska ta yi aikinta yau, gobe dattawan unguwa su sha manyan riguna da kwat ɗin zuwa coci, su nufi sakatariya fuska a murtuke, wai 'ya'yansu na karatu a rana, gwamnati ba ta da tausayi. Ta gaban rumfunan awakinsu suke wucewa, da banɗakunansu, da ɗakunan hayarsu, duk da kwanon makaranta a kai. Mu kuwa mu kwashi yara mu koma gindin mangwaro, mu jingina allo da kututture, sai damina ta yi nisa kafin a zo da wani gwangwanin madarar.

A gindin mangwaron nan nake koyar da darasin zaman jama'a. Akwai babi guda a kan haƙƙin ɗan ƙasa na kare dukiyar gwamnati, kuma kamar da gangan, a daidai wannan lokacin yake faɗowa a manhaja. In ce, "Wa ke da makaranta?" Yara su amsa da ƙarfi, "Mu ne!" In ɗaga kai in hango rufin ajinmu yana ƙyalli a kan gidajensu, in ce a raina, lallai kam ku ne. Ban taɓa ganin laifin yaran ba. Sun haddace abin da ke littafi don jarrabawa, sun kuma haddace na gida don zaman duniya, ba su taɓa rikita su ba.

Jagoran tawagar kullum shi ne shugaban ƙungiyar iyayen yara, wanda kowa ke kira Ciyaman. Dillalin doya ne, gidansa shi ne na farko bayan filin ƙwallo ta yamma, wato a bakin rabo yake. Ba ya rabuwa da rediyo. Da yamma yakan zauna a rumfar ƙofar gidansa, in an karanta labarin wani babba da ya yi sama da dukiyar jama'a, sai ya buga cinya ya ce, "Ɓarayi! Ƙasa ya lalace! A harbe su kawai!" Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, amma wajen zagin gwamnati ba ya tuntuɓe. Rumfar da yake zagin a ƙarƙashinta da kwanon aji huɗu aka rufe ta.

'Yarsa tana ajina, aji shida. Ban taɓa koyar da yarinya mai hannun rubutu irin nata ba. In ciwon kafaɗata ya motsa, ita nake miƙa wa alli ta cika mini allo, baƙo ya shigo ya ɗauka malami ne ya rubuta. Lissafi kuma kamar tana shan ruwa. Shekarar da nake ba da labari za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma ba ta da buri sai makarantar 'yan mata ta kwana. Uban bai hana ba, bai kuma ƙarfafa ba. Ya ce in ta ci ta tafi, in ba ta ci ba ga rumfar doya tana jiran mai tsaro. Zama ɗaya ya ba ta, ba maimaici. Ni da ita mun san ta ci ta gama, in dai Allah ya kai ta ranar lafiya.

Matsalar ita ce yarinyar tana da gudu. Dokar iska ta riga ta sami ƙari: kwanon da ya faɗa cikin gida na mai gida ne, wanda ya faɗa a lungu ko a filin ƙwallo kuwa na wanda ya fara taɓa shi ne. Jauro, mai unguwarmu, shi ya yanke haka bayan wata rigima. Tun daga nan, da hadari ya haɗu sai manya su shige ɗaki su rufe taga, su bar yara laɓe a bakin zana suna jiran kwano. Gidan da ke da yaro mai sauri shi ya fi samu. A gidan Ciyaman, 'yar ajina ce mai sauri.

Wanda bai taɓa ganin kwano a iska ba bai san abin da nake tsoro ba. Ba faɗuwa yake yi ba, yawo yake yi, yana juyi, gefensa kamar an wasa. Akwai wata gwanda da na shuka a bayan ajina, ta yi kauri kamar cinyar babban mutum. Wata shekara na zo da safe na tarar an raba ta biyu, yankan sumul, kwanon da ya yi aikin kuwa tuni ya sami mai shi. Tun ranar, in na ga gabas ta yi baƙi, gwandar nake tunawa, in dubi yaran da ke gabana.

Na fara da kansila, tunda shi aka zaɓa, kuma kwangila a hannunsa take. Na same shi da safe a ƙofar gida, an kewaye shi da kujerun roba da masu neman alfarma. Ya sa aka ba ni kujera, ya ce, "Madam, lafiya? Wani ya taɓa ki ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganar rufi ce. A ɗaure shi da langa-langa sau ɗaya a huta. Wata rana kwanon nan zai yanka yaro."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Madam, ni kafinta ne? To bari in tambaye ki. Kwanon bara yana ina? Ni na cinye shi? Je ki ce wa mutanenki su dawo da shi. Ranar da suka dawo da shi, ranar zan sa a ɗaure rufin, har bulo zan jera a kai." Sai ya matso ya rage murya, kamar zai ba ni sirrin magani. "In na ɗaure rufin nan yau, ko matata ba za ta tsaya a layina ba ranar zaɓe. Gidan iyayenta a yamma yake. Ni abin da jama'a ke so nake yi. Ba shi ne dimokuraɗiyya ba?"

Na fito ina jin ɗaci a bakina. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a safiyar nan ba, kuma abin da ya ƙara rainin shi ne bai yi ƙarya ba. Ɓarawon da ke ɓoyewa yana da sauran kunya. Wannan kuwa ya miƙe ƙafa a kujerar roba yana yi mini bayanin satarsa dalla-dalla, yana jin kansa mai hidima. An ba shi kujera ne don ya ce a'a a inda ya kamata, ko da za a tsane shi, shi kuwa ya gano i ta fi riba. Ko lemun da ya sa aka kawo mini ban buɗe ba.

Sai na koma wajen mutanen nawa. A taron iyayen yara na gaba, bayan an yi addu'a biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kamar yadda aka saba, na miƙe na isar da saƙon kansila. Na ce a dawo da kwano, ko da rabi ne, mu rufe masa baki. In ma ba za a dawo da shi ba, a daina tura yara cikin iska. Na ba su labarin gwanda. Kowa ya kawar da kai, kamar yadda ake yi in baƙo ya ambaci abin kunyar gida.

Ciyaman ya gyara zama ya ce, "Malama, ka zauna, ka yi magana mun ji. Wanda ya saci Najeriya yana can yana kwana a ɗaki mai esi, sanyi yana hura shi, ba wanda ya taɓa shi. Mu talaka, Allah ya aiko mana kwano guda har gida, shi ne ka ce mu ɓarawo? Mun hau mun cire? Su manya su fara dainawa. In sun daina, mu ma za mu daina."

Aka tafa masa. Wata mata daga baya ta ce, "Ku rabu da ita, gidanta a gabas yake, baƙin ciki ne kawai." Aka bushe da dariya. Wani dattijo Bafulatani mai shanu, mutumin kirki a sauran al'amura, ya so ya lallashe ni, ya ce, "Useko, Malama, don Allah kwantar da hankalinki. Iska ai ba ta zuwa sai yara sun tashi daga makaranta." A ganinsa, in kwano ya yanka yaro bayan an tashi, ba maganar wannan taro ba ce.

Gaskiya ne gidana a gabas yake, ban kuma tsaya rantse musu da komai ba. Na dai dube su ɗaya bayan ɗaya. Kansila yana jiran su dawo da kwano kafin ya gyara, su suna jiran manya su tuba kafin su dawo da shi, kowa ya sami wanda zai jira, kowa ya huta. Bayan taro hedimasta ya ja ni gefe ya ce in bi a hankali, an fara maganar a mayar da ni ƙauye, can bayan Iware. Na ce masa a can ma yara ne.

Da rani ya tsaya sai aka buga gangar zaɓen kansiloli, irin na tsayawa layi a bayan hoton ɗan takara, kowa na ganin kowa. Wani tsohon malamin gona mai ritaya ya fito ya kara da kansilanmu. Mutum ne mai gaskiya, amma siyasa ba ta karɓe shi ba. Gida-gida ya riƙa bi da guntun langa-langa a hannu, yana nuna wa mutane, yana cewa in an zaɓe shi rufin makaranta ba zai sake tashi ba. A gidajen 'yan yamma ma haka ya faɗa, bawan Allah. Suka ba shi ruwa ya sha, suka raka shi ƙofa da ladabi. Kansila kuwa ya hau bayan motar a-kori-kura ya ce, "Na yi muku alkawari, kowace shekara sabon rufi!" Guɗa ta tashi. Cikin duk alkawuran siyasar da na ji a rayuwata, wannan ne kaɗai na ga an cika.

A filin ƙwallon makaranta aka yi zaɓen. Na tsaya a bayan hoton malamin gona. Layinmu inuwar bishiya ɗaya ta ishe shi, har da saura. Ɗaya layin ya miƙe, ya lanƙwasa ta bayan rijiya, ya fita titi. Ba 'yan yamma kaɗai ba, har da na gabas masu 'yan'uwa a yamma, da masu fatan wata rana iska ta juya. Ciyaman ne a gaba, rediyo a hammata, mutumin da kwanan baya ya kira kansilan nan ɓarawo a gabana. Dattijon coci da ladan kafaɗa da kafaɗa, haɗin kan da ake ta roƙo a wa'azi ga shi ya samu. Ba wanda ya ɗora musu bindiga. Na san an raba gishiri da sabulu, na kuma san ba don gishirin suka tsaya ba. Da muka haɗa ido da Ciyaman, ɗaga mini hannu ya yi.

Hadarin farko na shekarar ya zo saura kaɗan a yi jarrabawa. Tun safe zafi ya yi zafi, ko ganye ba ya motsi, kowa ya san abin da ke tafe. Kafin a tashi na kira yarinyar na ce mata in hadari ya taso ta shige ɗaki ta zauna. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, Baba ne ke tura ni."

Bayan an tashi na tsaya a ofishin hedimasta ina duba littattafan gwaji. Can wajen la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, na ji ƙamshin ruwa, kaji suka fara gudu. Na fito baranda. Daga nan ana hango filin ƙwallo da jerin gidajen yamma, kuma na hango su, kawunan yara a bakin kowace zana, sun duƙa kamar masu jiran busar usur a gasar tsere. Tana cikinsu, ta ɗaure ɗankwalinta a ƙugu.

Rufin ya fara da ƙara, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, sannan ya ɗaga gaba ɗaya daga kan aji shida. Kwanuka suka watse sama. Ɗaya ya sauka a tsakiyar fili ya kwanta. Na ga ta zabura. Na ƙwala mata kira, na yi ta kiran sunanta har maƙogwarona ya yi zafi, iska ta mayar mini da muryata. Ta riga kowa, kamar kullum. Ta kama gefen kwanon da hannun dama, ɗan maƙwabcinsu yana daf da ita a baya. Sai iska ta shiga ƙarƙashinsa ta fizge. Ba ta saki ba, don an koya mata wanda ya saki ya rasa. Kwanon ya zare ta cikin tafin hannunta ya wuce.

Ban san yadda na tsallaka filin ba. Na same ta a zaune cikin ruwan da ya fara zuba, tana kallon hannun, ko kuka ba ta yi. Na cire ɗankwalina na ɗaure, ya jiƙe nan take. Wani mai a-kori-kura da ya kawo doya ne ya taimaka muka kai ta asibiti, ni da uwarta, hannun a kan cinyata. Muna fita unguwa na waiwaya na ga manya sun fito cikin ruwan, kowa na jan kwanonsa zuwa gida.

Aka ɗinke. Likita ya ce jijiyoyin yatsu sun yanke, yatsun ba za su ƙara naɗewa kamar da ba. Kansila ya zo dubiya da burodi da gwangwanayen madara, ya tsaya a bakin gado ya ce ƙaddara ce, kuma zai tabbatar an fitar da kwangilar sabon rufi cikin gaggawa. Na dubi gwangwanayen na ce a raina, ga na zuba ƙusa an kawo. Ciyaman ya yi masa godiya har ƙasa, da kansila ya fita kuma ya dube mu ya ce, "Kun gani? Gwamnati ya nakasa mini yarinya da rufin banza." Washegari shi ya ja tawaga zuwa sakatariya, da babbar riga, ya fi kowace shekara ɗaga murya, don bana yana da hujja.

Ta shiga jarrabawar da hannu a naɗe. Ta riƙe biro da hagu, ta yi ta jan haruffa kamar 'yar aji ɗaya, tana sane da kowace amsa. Aka karɓe takarda ba ta kai rabi ba. Da sakamako ya fito babu sunanta. Na kulle kaina a aji na yi kuka, kukan baƙin ciki da na haushi a haɗe, sannan na wanke fuska na nufi gidansu.

Na tarar da uban a rumfa da rediyonsa. Na rusuna na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Baba Ciyaman, alfarma na zo nema. A bar ta ta maimaita aji. Hagu ma hannu ne, ni zan koya mata."

Ya rage rediyo ya ce, "Malama, magana ɗaya na yi. Zama ɗaya. Yanzu wa zai tsare mini doya?"

Na yi ta magana, yana ta kallon titi. Daga baya, don ya nuna mini ba fushi yake da ni ba, ya miƙe ya ce in zo in ga aiki. Ya kai ni bayan gida. Sabon ɗakin haya ne, an gama shafe, har an sami ma'aikacin da zai shiga. Ya nuna mini kwano na ƙarshe a bakin rufin, wanda gefensa ya lanƙwashe aka bubbuga ya miƙe.

Ya ce, "Ka gane shi? Shi ne. Maƙwabci ya so ya cinye mini, wai yaronsa ne ya ɗauka. Muka je gaban Jauro. Na ce a fito da kwano a duba baki, jinin wa ke wurin? Yaron ya ja shi ɗaki da wuri, ruwa bai wanke ba. Jauro ya duba, ya ce yarinya na ne ya fara taɓawa." Ya yi murmushin wanda ya ci shari'a. "Haƙƙi na ne, na karɓa."

Na zagi kansila a raina tsawon shekaru, har yau ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma kansila, in hadari ya taso, 'ya'yansa suna ɗaki. Wannan da ke tsaye a gabana ban sami sunan da zan kira shi ba, don haka na kawar da idona daga fuskarsa na ɗaga kai sama. Sai na ga yadda aka buga rufin. Ƙusa a kowane tudu, a jere, ba tsallake. Ga langa-langa sabo fil ya ɗaure katako da bango tam, a kowace kusurwa.

Ya ga inda nake kallo. Ya ce, "Ai dole, Malama. Iskan garin nan ba shi da kirki."

Yarinyar ta fito daga cikin gida da kofin ruwa a hannun hagu, na dama ta ɓoye shi cikin zani. Ta rusuna ta miƙo mini, ruwan yana zuba a gefe don hannun bai saba ba. Ta ce, "Malama, an fara gyara ajinmu?" Na karɓi kofin. Daga can ƙetaren fili muna jin gudumar kafinta, ya buga ɗaya, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya buga wata.